Yadda Ake Buɗa Tazarar Feda Idan Keke Ya Matse Maka Ƙafa

Masu ƙera keke suna fitar da firam ƙarami da matsakaici da babba, amma faɗin da ke tsakanin fedar dama da ta hagu kusan ɗaya ne a dukkansu. Siririn saurayi da ƙaton magidanci, in dai keke iri ɗaya suka saya, a tazara ɗaya za su ɗora ƙafafunsu. Yawancin mutane jikinsu yakan karɓi haka lafiya lau. Amma mai faɗin ƙugu, da mai kaurin cinya, da mai ƙafar baka, da wanda yatsunsa ke kallon waje in yana tafiya, sau da yawa keken yakan matse su. Gwiwa ta riƙa fita waje duk lokacin da feda ta hau sama, diddige yana gugar ƙarfe, gefen gwiwa na waje yana zafi, ƙaramin yatsa yana sagewa. Mutum sai ya ɗauka tsufa ne ko rashin sabo, ya jingine keken, alhali abin da ya rage masa bai wuce 'yan milimita ba.

Ana iya gyara wannan, kuma wani gyaran ko kwabo ba ya ci. Sharaɗin kawai shi ne a bi a hankali, a fara da ƙaramin ƙari kafin babba, domin gwiwar da matsi ya dama, buɗi fiye da kima ma yana damun ta.

Fara tabbatar da cewa tazarar ce matsalar

Kada ka taɓa feda sai ka duba sirdi. Mafi yawan gwiwoyin da ake gani suna buɗewa waje a kan titi, sirdi ne ya yi ƙasa. Idan sirdi ya yi ƙasa, cinya ba ta samun wurin hawa, sai ta kauce gefe. Haka ma mai tumbi, cinyarsa takan kauce wa cikinsa. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya ta baya har ta kai can ƙasa. Ya kamata ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, wajen digiri 25 zuwa 35. Wannan shi ne tsayin da ake so. Ka gyara shi, ka yi kwana biyu ko uku kana hawa. In ciwon ya tafi, aikinka ya ƙare.

Sai ka duba ko wani ƙarfe ya lanƙwashe. Keken da ya taɓa faɗuwa da kaya, ko aka jingina shi babur ya danne, sau da yawa sandar feda (ƙarfen da feda ke juyawa a kansa) ko hannun feda (ƙarfen da ke haɗa feda da tsakiyar keke) yakan karkace. Za ka ji ƙafarka tana rawa a kowane zagaye, kuma ciwon yakan tsaya a gwiwa ɗaya. A tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix da Hero, ƙusar da ke riƙe hannun feda takan cinye, hannun ya riƙa wasa. Wannan ba matsi ba ne, canjin ƙarfe yake buƙata.

In sirdi ya yi daidai, ƙarafa kuma lafiyarsu ƙalau, to ka ɗauki bidiyo. Ka manna farin tef a kan ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ka sa takalmin da ka saba hawa da shi, wando kuma gajere ko wanda aka naɗe. Wani ya tsuguna a gabanka da waya, daidai tsayin gwiwa, ka taho kansa kai tsaye a fili mai laushi kana tuƙi da ɗan ƙarfi, ba gangara ba. Ku maimaita har ku sami hoto mai kyau, sannan ka kalla a hankali. Abin da ake so shi ne tef ɗin ya riƙa hawa da sauka kusan a miƙe, a saman yatsa na biyu. In gwiwa tana wajen ƙafa, musamman idan feda ta zo sama, ƙafa ce take buƙatar fitowa ta same ta. In kuwa gwiwa tana faɗawa ciki tana neman taɓa firam, buɗa tazara ba zai taimake ka ba, yana iya ma ƙara maka ciwo.

Keken kansa yana ba da shaida. Duba hannun feda: in fentinsa ya goge ya yi ƙyalli a inda diddige ko idon sawu ke wucewa, ƙafarka tana neman wuri. Duba fedar: in gefenta na waje ne ya cinye, ko kuma ka lura kullum rabin ƙafarka yana rataye a waje, jikinka ya riga ya faɗa maka inda yake so ya tsaya.

Auna abin da kake da shi

Tazarar ƙafafunka abu biyu ne a haɗe. Na farko faɗin da ke tsakanin fuskokin waje na hannayen feda biyu, a daidai ramin da feda ke shiga, wanda a takardun kamfanoni za ka ga an rubuta Q-factor. Na biyu nisan da ke tsakanin hannun feda da tsakiyar fedar. Keken tsere na kwalta yakan zo da na farkon wajen milimita 145 zuwa 150. Keken hawan dutse wajen 170. Mai ƙatuwar taya na yashi da ƙanƙara yakan kai 200 ko ya wuce. Na biyun kuma a fedojin tsere yakan zama 52 ko 53. Ke nan mai keken tsere ƙafafunsa suna tsaye a tazarar kusan milimita 252, wato 146 da 53 sau biyu.

Don ka auna naka, juya hannun dama ya daidaita da bututun firam da ke ƙarƙashin sirdi, ka auna da rula daga tsakiyar bututun zuwa fuskar hannun ta waje. Juya na hagu ka yi haka, ka haɗa lambobin biyu. Ka rubuta su a takarda, kowane gefe daban. Wani lokaci a nan mutum yake gano cewa gefe ɗaya ya fi ɗaya nisa, saboda wani ya taɓa sa wa keken hannun da ba nasa ba. A kekunan gwanjo wannan ba baƙon abu ba ne.

Awon yana da wani amfani. In kana da keken dutse da kake hawa ba ciwo, sai da ka sayi na tsere gwiwa ta fara, to ka riga ka san inda za ka dosa: bambancinsu wajen milimita 10 zuwa 12 ne a kowane gefe.

Akwai dalilin da ya sa 'yan tsere ke son matsattsiyar tazara. Graeme Obree, ɗan Sikotilan, da keken da ya haɗa da hannunsa mai matsattsen tsakiya ya karya tarihin gudun awa ɗaya a 1993, inda ya yi kilomita 51.596. Amma wannan lissafin mai neman daƙiƙa ne. Wanda ke zuwa kasuwa ko gona ko motsa jini da safe, lafiyar gwiwarsa ta fi masa.

Gyara mafi sauƙi

In fedarka shimfiɗaɗɗiya ce, wadda ake takawa da kowane takalmi, mafi sauƙin magani shi ne babbar feda. Ƙananan fedojin roba da ke zuwa da kekuna masu araha ba sa ɗaukar ƙafar babban mutum. Fedar keken dutse mai faɗin santimita 10 ko 11 tana ba ƙafa damar zaɓar wurinta, kuma ga mutane da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Ni a ganina duk mai shimfiɗaɗɗiyar feda nan ya kamata ya fara, domin babu abin da ya raunana a jikin keken.

In kuma fedarka mai kama takalmi ce, akwai maƙalin da ke ɗaure a ƙasan takalmin, kuma yana matsawa gefe da 'yan milimita. Nan mutane ke rikicewa: in kana so ƙafa ta fita waje, maƙalin za ka tura ciki, wajen babban yatsa. Kafin ka kwance, zagaye shi da biro a jikin takalmin don ka san inda yake. Sassauta notinan da alanki mai lamba 4, tura shi ciki milimita 2, ka kula kada ya juya ko ya matsa gaba, sannan ka ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Kada ka kai shi ƙarshen gefe, domin nauyinka zai koma ɓangare ɗaya na tafin ƙafa, takalmin ya riƙa karkata waje.

Cire feda da sa washa

Canjin feda da kusan duk sauran hanyoyin sai an cire feda, kuma a nan ake lalata kekuna da yawa, don haka zan tsaya a kai.

Kana buƙatar siririyar sifana mai lamba 15, ko alanki mai lamba 6 ko 8 in fedar ta bayan hannu ake kwance ta. Ka tanadi giris da tsumma. In kekenka mai giya ne, ɗora sarƙa a kan babban faranti tukuna, don in sifana ta kuɓuce haƙoran farantin kada su yaga maka hannu.

Fedar dama, ɓangaren sarƙa, tana kwancewa kamar kowane noti. Ta hagu tiredinta a juye yake: inda ka saba ɗaurewa, nan take kwancewa. An yi haka ne don kada tuƙi ya riƙa kwance ta. Hanyar da ba za ka manta ba ita ce: sa sifana hannunta yana kallon sama, ka tura ta wajen tayar baya, feda za ta kwance, ko dama ko hagu. Wajen tayar gaba kuma ɗaurewa ne. In ta ƙi motsi saboda tsatsa, zuba mata man da ke ratsa tsatsa ta gaba da ta baya, ka bar ta ta kwana, sannan ka zura bututu a hannun sifanar don ƙarin ƙarfi. Kada ka kai wuta kusa da hannun alminiyam, balle na kabon.

Da ta fita, goge tiredin sandar da na ramin tsaf. Duba ƙarshen sandar, za ka ga R a ta dama, L a ta hagu. Kada ka haɗa su wuri ɗaya ka manta.

Yanzu washa. Ana sayar da washar feda mai kaurin milimita 1 ko 2, raminta daidai da sandar. Zura ta a sandar, ka shafa giris a tiredi, ka fara ɗaura fedar da yatsunka, ba da sifana ba. Zagaye uku ko huɗu na farko dole su shiga sumul. In ka ji tauri tun farko, tsaya, ka dawo baya: ko fedar ta shiga a karkace, ko ka ɗauko ta ɗaya gefen. Sandar feda ƙarfe ce mai tauri, hannun kuma galibi alminiyam ne mai laushi, in ka matsa da sifana sandar za ta yanka sabuwar hanya, hannun ya tashi aiki. Bayan ta shiga duka, ɗaure ta da ƙarfi sosai. Shimano suna ba da ma'aunin niyuton-mita 35 zuwa 55 ga mai sifanar awo.

Kada washa ta wuce milimita 2 a kowane gefe. Duk milimitar da ka ƙara, daga tiredin da ke riƙe nauyinka ka cire ta, kuma ramin hannun bai fi kaurin yatsa ba. Leƙa ta baya bayan ka ɗaure: in sandar ta nutse can ciki ka ga tiredi da yawa a fili, washar ta yi yawa. Wasu fedojin an yi su da wannan a rai. Look Keo, misali, tazararta 53 ce, an kuma bar mata tsawon tiredin da zai ɗauki washar milimita 2 ta zama 55.

Milimita 2 kamar ba komai ba ne, amma in ka haɗa da 2 na maƙalin takalmi, ka sami 4 a kowace ƙafa. Mai tuƙi zagaye 80 a minti ɗaya yana lanƙwasa gwiwa sau 4,800 a awa guda, don haka ɗan wannan bambancin gwiwa tana jin sa.

In washa ba ta isa ba

Mataki na gaba feda mai doguwar sanda ce, kuma ita ce gyara mafi tsafta, don kamfanin ne ya ƙera sandar da tsawonta. Shimano suna yin fedojin Ultegra da Dura-Ace masu ƙarin milimita 4. Speedplay, wanda yanzu yake hannun Wahoo, yana da sanda mai milimita 53 da 56 da 59 da 65. SQlab na Jamus yana da masu ƙarin 8 da 15. Matsalarsu tsada, kuma sai an yi oda daga waje.

Wanda yake buƙatar buɗi mai yawa, sai ƙarfen ƙari. Ɗan guntun ƙarfe ne, gefe ɗaya yana shiga ramin hannu, ɗaya gefen kuma feda ta shiga cikinsa. Ana samun na milimita 16, da 20, da 25, da 30, sanannen suna a cikinsu Kneesavers. Ba a iya yin sa gajere sosai, domin dole ya haɗiye tiredin fedar gaba ɗaya. Saboda haka tsalle ne babba: na 20 a kowane gefe ya buɗa ka milimita 40, ya wuce bambancin keken tsere da na dutse. Wannan na mai ƙafar baka ne sosai, ko wanda diddigensa ke dukan firam, ko wanda wani tsohon rauni ya juya masa ƙafa. In za ka saya, fara da mafi gajarta.

Abubuwa uku za ka duba kafin ka biya kuɗi. Girman tiredi: manyan kekuna kusan duka inci 9/16 ne, amma kekunan yara da wasu masu hannu guda a haɗe da shaf (sandar tsakiya da ke haɗa hannayen biyu) rabin inci ne, kuma ba sa shiga juna. Sai yadda fedarka ke ɗauruwa: in ba ta da wurin kama sifana, ta alanki ce kawai, to sai ƙarin da aka huda tsakiyarsa, in ba haka ba babu ta inda alankin zai kai gare ta. Na uku ƙarfen kansa: nemi na baƙin ƙarfe mai tauri ko wanda ba ya tsatsa. Na alminiyam mai araha kada ka amince masa da nauyinka.

Wajen sawa, shi ma yana da dama da hagu. Fara ɗaura feda a cikin ƙarin da giris, ka riƙe ƙarin da sifana ɗaya ka ɗaure fedar da wata, sannan ka ɗaura su tare a hannun. Ka sani cewa nesanta feda yana ƙara ƙarfin da ke murɗa ramin hannun, musamman in ka miƙe tsaye kana hawan tudu. Mai hannun kabon ya karanta takardar kamfaninsa tukuna, mai tsalle-tsalle da keke a daji kuma ya haƙura da ƙari.

Akwai hanya ta ƙarshe ga kekunan da kan shaf ɗinsu na tsakiya mai kusurwa huɗu ne, irin wanda ya cika kekunan gwanjo. Wannan shaf yana zuwa da tsawo daban-daban: milimita 110, 113, 118, 122.5, 127. In aka sa mai tsawo, hannayen biyu za su fita waje. Sai dai faranti ma yana fita tare da su, sarƙa ta karkace, giyar gaba ta buƙaci sabon saiti. Ƙarin milimita 5 a shaf bai cika kawo matsala ba a keke mai giya, amma a mai giya ɗaya sarƙa tana iya riƙa faɗuwa. Wannan aikin mai gyaran keke ne da ke da abin zare hannu, kada a bar kowa ya fitar da shi da guduma. Kekunan zamani da shaf ɗinsu ke manne da hannun dama ba sa karɓar wannan gyara, sai dai canjin hannun gaba ɗaya.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne walda. Na san abu ne mai sauƙi a kai keke wurin mai walda ya ƙara wa sandar feda guntun rodi. Sandar feda ƙarfe ce da aka gasa ta yi tauri, zafin walda yana kashe wannan taurin. Ga shi da wuya ta fito a miƙe, sai ka sayi ciwon gwiwa sabo. Ranar da za ta karye kuma ba a tsakar gida za ta karye ba, sai ka miƙe da dukkan nauyinka a tsakiyar motoci.

Gwaji

Canji ɗaya za ka yi a lokaci guda, kuma daidai a gefe biyu. Ƙara wa ƙafa ɗaya kawai yana da wurinsa, amma sai wanda ya san aikin jiki ya duba ka ya ce a yi. Hawan farko ya zama gajere a hanya mai laushi, minti 20 zuwa 30, da giya marar nauyi. In ƙarfen ƙari ka sa, kana iya jin sirdi ya ɗan yi tsawo, sai ka sauke shi milimita ɗaya ko biyu. Ka kula da kwana: feda ta fi kusa da ƙasa yanzu in ka kwantar da keke, don haka ɗaga fedar ciki sama, kada ka tuƙa a tsakiyar kwana. Haka wajen raɓar dakalin titi.

Bayan hawan farko, sake gwada ɗaurin da sifana. Ka ba jikinka mako ɗaya zuwa biyu. Ɗan tsamin cinya a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, jijiyoyi ne ke sabawa. Sannan ka sake ɗaukar bidiyo daga wuri ɗaya, da takalmi ɗaya, ka kwatanta da na farko.

Alamar ka wuce gona da iri a bayyane take: zafi ya koma gefen gwiwa na ciki, ko matsematsi, gwiwoyi suna faɗawa wajen firam, nauyi ya taru a gindin babban yatsa. Binciken da aka yi a Jami'ar Tennessee ta Amurka, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa ƙara buɗa tazara yana ƙara nauyin da ke sauka a ɓangaren gwiwa na ciki. Don haka mai ciwon sanyin ƙashi a wannan ɓangaren ya yi taka-tsantsan ƙwarai. Da ka ji ɗaya daga cikin alamun nan, koma matakin da ke baya, shi ya sa aka ce ka rubuta awonka na farko. In kuma gwiwa ta kumbura, ko tana ƙullewa, ko zafin yana bin ka har wajen tafiya da ruku'u da hawan bene, ajiye sifana ka ga likitan ƙashi ko na gashin jiki, ka tafi masa da bidiyon biyu da takardar awonka.